Mece ce majami'ar gida?

Majami'ar gida taron masu bi ne da ke sujada a falo ko tsakar gidan ɗaya daga cikinsu, ba a ginin coci ba. Masu wannan tsari suna koyi ne da Kiristocin farko, waɗanda ba su da gini na musamman. A wasiƙarsa zuwa ga Romawa, Manzo Bulus ya gai da ikkilisiyar da ke taruwa a gidan Akila da matarsa Bilkisu. A Dura-Europos ta ƙasar Siriya kuwa, an haƙo wani gida na ƙarni na 3 da aka rushe bangon da ke tsakanin ɗakuna biyu domin jama'a su samu wurin zama, aka keɓe wani ɗakin don baftisma.

Yawanci mutanen ba su da yawa, kowa ya san kowa. Ana karanta Littafi Mai Tsarki, a tattauna, a yi addu'a, a ci abinci tare. Dattawa ke jagoranci, galibi ba albashi, baiko kuma yakan tafi ga mabukata. In ɗakin ya cika, sai a rabu biyu.

A ƙasar Sin, miliyoyin da suka ƙi shiga ikkilisiyar da gwamnati ta amince da ita haka suke taruwa, wasu kuma na shan wuya. A 2019 an yanke wa Fasto Wang Yi na Chengdu ɗaurin shekara 9.

Abin da ya fi damuna da tsarin shi ne rashin mai sa ido: idan shugaba ya karkace a koyarwa, da wuya a samu mai tsawata masa.