Koyon Kiɗa a Waya: Yara na Kashe Kunnuwansu, Iyaye na Kallo

Daga Gidan Rumji zuwa Tsibiri, daga Cadawa zuwa Agye har Gazawa, duk garin da babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram ta ratsa ba ka rasa samarin da suka mai da wayar hannu malamar kiɗa. Wannan ba laifi ba ne. Fitacciyar makarantar koyon kiɗa ta ƙasar nan, wato cibiyar Alhaji Taya da aka buɗe a 1989, tana Yamai, tafiyar sama da kilomita 600 daga Maraɗi, kuma fiyano da jita ba kayan da ɗan talaka ke saya ba ne. Sai ga manhajoji sun zo. Walk Band tana shimfiɗa wa yaro fiyano a fuskar waya. Yousician, wadda aka ƙirƙira a ƙasar Finland, tana sauraron abin da ka kaɗa ta gaya maka inda ka kuskure. Perfect Ear tana horar da kunne ya bambance sauti da sauti. BandLab kuma tana bai wa yaro damar ɗora murya a kan kiɗa ba tare da ya je situdiyo ba. Hatta Duolingo, da aka sani da koyar da harsuna, ta ƙara darasin kiɗa a 2023.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ɗan abin nan da ke maƙale a kunnen yaran dare da rana, wato iyafis, da irin ƙarar da suke ɗura wa kansu da shi.

Akwai ɗan ƙanwata a Gazawa, ɗan ajin ƙarshe na kwaleji, yaro mai basira ƙwarai. Da wayar yayansa ya koyi haɗa kiɗa, har abokansa na kawo masa baitoci yana ɗora musu. Wurin zamansa rumfar mai cajin waya, inda janareto ke ruri daga safe zuwa dare. Don kada rurin ya danne masa kiɗan, sai ya ƙure sauti. Iyafis ɗin ma na araha ne, ɓari ɗaya ya mutu, ɗayan kaɗai ke aiki, shi kuwa yana ta ƙara masa wuta. In ka zauna a ɗaya ƙarshen bencin, tsaf za ka ji dukan gangar yana fitowa daga kunnensa. Wayar kanta takan nuna gargaɗi cewa sautin ya wuce kima; da yake rubutun da Faransanci ne, bai taɓa tsayawa karantawa ba, dannawa yake ya wuce. Da dare kuma ya shige gidan sauro da abinsa, barci ya kwashe shi kiɗa na ta bugawa har batir ya mutu.

Da na yi masa magana, cewa ya yi, "Kawu, ai in ban ƙure ba, ba na jin daɗin kiɗan." Da tafiya ta yi tafiya, uwarsa ta fara ƙorafi: a kira shi, a sake kira, shiru. Aka ce raini ne, aka ce waƙa ta lalata shi, har uban ya kai masa mari. A aji ma malami ya ce hankalinsa ba ya wurin. Babu wanda ya kawo kunne a ransa, sai ranar da yaron da kansa ya ce wani ƙugi ya hana shi barci, ko da ya cire iyafis. Sannan fa aka nufi asibiti a Maraɗi, bayan an gama ɗiga masa mai da ruwan albasa a gida.

Wane irin sakaci ne wannan? Yaro yana zaune a tsakar gida, kana jin kiɗan da ke cikin kunnensa daga inda kake alwala, amma abin da ya dame ka kawai shi ne kuɗin data da yake ƙonawa.

Ga abin da ya kamata kowa ya sani. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, kimanin 16,000 a kowane kunne, su ne ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana kwantar da su kamar yadda dabbobi ke tattake shukar gero: in sau ɗaya ne ta miƙe, in kullum ne ta mutu. Waɗanda suka mutu kuwa ba sa sake tsirowa, kuma babu allura ko ƙwayar da ke dawo da su. Abin tsoron shi ne ba ya zuwa da ciwo. Siraran sautuka ke fara ɓacewa, shi ya sa yaro zai ji ana magana amma kalmomin su cakuɗe masa, musamman cikin hayaniya.

Da desibel ake auna ƙarfin sauti. Hirar yau da kullum tana kusan 60. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron 80 har tsawon awa 40 a mako ba tare da illa ba, yara kuma kada su wuce 75. Da zarar an kai 90, awa 4 kacal ke nan a mako. Waya kuwa in aka ƙure ta tana iya haura 100, inda ƴan mintoci suka isa su fara ɓarna. Hukumar ta kuma ce matasa sama da biliyan 1 a duniya suna cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan sauraro. To ina ga mai koyon kiɗa, da zai maimaita gaɓa ɗaya sau ba adadi a zama guda?

Don haka, ku samari, kada sautin wayarku ya wuce kashi 60 cikin 100. In na kusa da kai yana jin abin da kake saurare, ko sai ya ɗaga murya kafin ka ji shi, ka wuce gona da iri. In gargaɗi ya fito a waya, ka rage, kada ka danne shi. Kada ka yi atisaye kusa da janareto, injin niƙa ko bakin tasha. Nemi wuri shiru, za ka ga ƙaramin sauti ya ishe ka. Yawancin darussan nan ma ba sa bukatar iyafis, lasifikar wayar ta wadatar. Duk bayan awa guda ka cire, kunne ya huta. Ba a kwana da shi, ba a aiki da wanda ɓari ɗaya ya mutu, ba a kuma karɓa daga kunnen aboki a cusa a naka, don ta haka ƙwayar cuta ke yawo. Masu hawa babur da iyafis a kan babbar hanya kuwa, ban da kunne har da rai suke wasa.

Ku kuma iyaye, in yaro ya fara yawan cewa "na'am?", ko yana juyo da kunne ɗaya in ana magana, ko ya ce yana jin ƙugi, a kai shi asibiti tun da wuri. Wataƙila datti ne ya toshe, ko wani ciwo mai magani, ma'aikacin lafiya ne zai tantance. A bar ɗiga mai, a bar soka tsinken ashana da gashin kaza. A bar marin yaro a kunne, don mari kaɗai yana iya fasa dodon kunne.

Su ma manhajojin su san matsayinsu. Kiɗan Turawa aka gina su a kai, ba za su koya maka matsa kalangu a hammata har ya yi magana ba, balle gurmi ko goge. Marigayi Malam Mamman Barka, da ya so koyon kiɗan biram, sai da ya je bakin Tafkin Cadi ya zauna gaban makaɗin biram Bukar Tar. Ga makaɗan fadar Sarkin Gobir nan a Tsibiri, ga dattawan makaɗa a ƙauyukan Agye da Gazawa. Je ka nemi izininsu, ka ɗauki kiɗansu a wayar taka, ka koma gida ka saurara a hankali. Duk da kunne suka koya, kai ma da shi za ka koya.

Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce ranar kula da ji ta duniya. Ina roƙon malaman makarantu, limamai da gidajen rediyon karkara na jihar Maraɗi su riƙa yin wannan magana, kada su jira sai ranar. Kai kuma uba, yau ɗin nan ka karɓi wayar ɗanka ka duba inda ya ajiye sautinta.