Ko Kun Sani? Kyanwa Ma Tana Ciwon Haƙori

Ko kun san babbar kyanwa haƙora 30 gare ta, wato biyu kacal ɗan Adam ya fi ta? 'Yar kyanwa kuwa da haƙoran nono 26 take farawa, ta famfare su, na dindindin su kammala fitowa tana da kamar wata shida. Haƙoranta na yanka ne da yaga, ba na niƙa ba, shi ya sa take haɗiye nama gutsure-gutsure.

Abin da masu kiwon mage ba su cika lura da shi ba, dabba ce mai ɓoye ciwo. Dasashinta zai kumbura, haƙori ya lalace, amma ta ci gaba da cin abinci. Sai an kula za a ji warin baki, a ga dalalar miyau ko tauna da gefe guda.

A Maiduguri, inda bandar Tafkin Chadi ke cika kasuwar kifi ta hanyar Baga, mage ba ta rasa kai da ƙayar kifi. To, ƙayar nan takan maƙale tsakanin haƙora ko a ganɗa. A riƙa cire ƙayar kafin a ba ta kifin.

Kada a goge mata baki da man goge bakin mutane, sinadarin fuloraid yana cutar da ita. Farasitamol kuwa kashe ta yake yi. Idan kun ga waɗancan alamun ciwon haƙori, ku kai ta wurin likitan dabbobi. Jami'ar Maiduguri tana da asibitin koyarwa na dabbobi.