AMSOSHIN WASIƘUNKU: Katangar Ƙanƙara Da Maganar Tashin Duniya

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sayar da hatsi a kasuwar Tarauni, mazaunin Gyadi-Gyadi a Kano. Ya ce samarin majalisarsu sun ishe su da gardama a kan wani labarin Turawa mai katangar ƙanƙara da rundunar matattu. Wasu na cewa ai katangar Zulƙarnaini ce, wai marubucin ya hango fitowar Yajuju da Majuju. Har ƙaninsa da ke noma a ƙauye ya fara cewa in dai duniya ta zo ƙarshe, me zai sa ya wahala kai taki gona? Shi ne yake so a warware masa.

To Malam, mun gode da wasiƙa. Labarin nan ƙagagge ne. Wani Ba'amurke ne mai suna Joj Martin ya rubuta shi. Littafi na farko, A Game of Thrones, ya fito a 1996, na biyar a 2011. Tashar HBO ta mai da shi fim daga 2011 zuwa 2019, kuma ta nan ne akasarin samarinmu suka san shi.

A cikin labarin akwai wata ƙasa da rani da hunturu kan yi shekaru ba su wuce ba. A arewacinta akwai katangar ƙanƙara mai tsayin ƙafa 700. Bayan katangar akwai wasu halittun sanyi masu tayar da gawa su mai da ita mayaƙi. An ce shekara 8,000 da suka wuce sun taɓa kawo wani dogon dare da ya kusa ƙarar da mutane. Ga su sun sake motsi, su kuwa sarakuna suna can suna ta yanka juna a kan gadon sarauta.

Me ya kawo gardama? Ai Malam, labarin ne bai ƙare ba. An shekara fiye da goma ana jiran littafi na shida, sai masu karatu suka shiga kirdado. Wasu suka ce jarumi Jon Snow ne zai ceci duniya. Wasu suka ce a'a, gimbiya Daenerys ce, mai dodannin nan uku masu aman wuta. Wasu kuma suka ce da can akwai alkawari tsakanin mutane da halittun, mutane ne suka saɓa. Duk shaci-faɗi ne. Fim ɗin ya ba da tasa amsar, amma marubucin bai kai nan ba a littafi.

Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun Ganɗoki na Bello Kagara a 1934, wanda ya je har ƙasar aljannu, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, Bahaushe ya saba da irin wannan tatsuniya. Wanda ya karanta littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya san yadda abin yake: a gama na ɗaya, kafin na biyu ya fito kowa ya zama malamin duba, wannan ya ce boka ne zai hallaka duniya, wancan ya ce jarumi zai sare shi. In littafin ya fito, sai a yi dariya a wuce.

Batun Zulƙarnaini kuma, kada a haɗa. Katangar da Suratul Kahfi ta ambata da ƙarfe da narkakkiyar tagulla aka yi ta, ba da ƙanƙara ba. Shi Martin da bakinsa ya faɗi inda ya samo tasa: a 1981 ya ziyarci wata tsohuwar katanga a arewacin Ingila, wadda Sarki Hadiriyan na Rum ya sa aka fara ginawa wajen shekara ta 122, tsawonta kamar kilomita 117. Ita ya kumbura a zuci. Lokacin tashin alƙiyama kuwa, malamai sun haɗu a kan cewa Allah kaɗai ya bar wa kansa sani. Ka tuna an ce duniya za ta tashi a 2000, an sake cewa ranar 21 ga Disamba 2012. Ga mu nan muna awo a kasuwa.

Sai dai akwai kirdado guda da ya kamata manomi ya tsaya a kai. Wasu sun ce halittun sanyin nan misali ne na canjin yanayi, kuma a 2018 Martin ya amsa cewa lalle akwai kama: manya na rigimar mulki, bala'i na matsowa. Mu a nan ba sanyi ne ke matso mu ba, hamada ce. Dattawa ba su manta farin 1973 da na 1984 ba. Tafkin Chadi ya janye ƙwarai daga yadda yake a shekarun 1960. Shi ya sa a 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin katangar bishiyoyi mai kimanin kilomita 8,000, daga Senegal zuwa Jibuti, kuma Kano na cikin jihohi 11 da shirin ya shafa a Nijeriya.

Don haka Malam, gaya wa ƙaninka ya kai takinsa gona tun kafin ruwa ya sauka, ya bar gawo da kuka su tsaya, ya ƙara da dashe. Hadisi ma ya zo da umarnin cewa ko alƙiyama ce ta taso alhali da dashen dabino a hannun mutum, in zai iya ya dasa shi. Samari kuwa a bar su da gardamarsu, in dai an san hira ce.

Sai mun ji daga gare ku. A huta lafiya.