Tsoka da jijiya a madubin likita: matsalar suna

A madubin likita tsoka zare-zare ce, iri uku: mai ratsi, wadda ke motsa ƙashi, ta zuciya, mai ratsi da rassa, da marar ratsi, ta hanji. Ƙwayar da ke ɗaukar saƙo kuwa tana da gajerun rassa masu karɓa, da dogon zare guda mai isarwa, wanda kan kai mita 1 daga laka zuwa yatsan ƙafa.

To, Bahaushe «jijiya» yake kiran damin wannan zare, haka hanyar jini, haka igiyar da ke ɗaure tsoka ga ƙashi. In littattafan yaƙi da jahilci ba su rarrabe ba, mai koyo zai zaci jini ke gudana cikin dukansu. Shawararmu ita ce: jijiyar saƙo, jijiyar jini, agara.