Harafin da ke kan takardar jikka

A kasuwannin Magarya da Dungas, inda sefa da naira ke kwana cikin aljihu guda, mai sha'awar adana kuɗi iri-iri ba ya bukatar zuwa nesa; canjin da ɗan tireda ya miƙo masa ya isa.

Mai karatu, ɗauki takardar jikka ka duba kusa da lambarta. Akwai harafi guda: H na Nijar ne, K na Senegal, D na Mali, T na Togo. Bankin BCEAO ɗaya ke fitar da su domin ƙasashe 8, harafin ne ke faɗin inda takarda ta soma tafiya. Mai K da ta iso Dungas ta ratsa hannuwa ba iyaka.

Naira kuwa, wadda ta fito a 1973, an cire ajami daga ƙananan takardunta, 5 zuwa 50, a 2007. Masu ajamin nan sun yi wuyar gani.

Sai dai a yi hattara. A 2004 BCEAO ta janye takardun samfurin 1992. Wanda ya adana guda domin tarihi bai yi asara ba. Wanda ya cika tukunya da su har wa'adin canji ya wuce, kuɗin geronsa ya tafi.