Yawon maraice a mashigin Bosforus: wane jirgi, wane lokaci

Mashigin Bosforus ya raba birnin Santambul gida biyu, ɓangaren Turai da na Asiya. Tsawonsa kusan kilomita 30 ne, daga Baƙin Teku zuwa tekun Marmara. Fadodi da masallatan da sarakunan Daular Usmaniyya suka gina a bakinsa ruwa suke fuskanta, shi ya sa sai daga cikin jirgi ake ganin fuskarsu sosai.

Mafi arha su ne jiragen Şehir Hatları, kamfanin fito na birnin, masu tashi daga tashar Eminönü. Gajeren zagayensu kusan awa biyu ne. Dogon, mai kaiwa ƙauyen Anadolu Kavağı, yakan ci kusan yini. Akwai kuma ƙananan jiragen 'yan kasuwa masu tashi dab da faɗuwar rana. Jiragen cin abincin dare sun fi tsada, sukan tashi bayan duhu ya yi, kuma yawanci akwai giya da raye-raye. Ya kamata mai iyali, ko fatake irin na Kano da ke zuwa sarin kaya a unguwar Laleli, su yi tambaya kafin su biya.

Amma lokacin tashi ya fi irin jirgin muhimmanci. Wanda ya tashi kamar awa ɗaya kafin magariba zai wuce fadar Dolmabahçe, wadda aka kammala a 1856, da masallacin Ortaköy, da sauran haske a jikin farin dutsensu. Sai a bi ta ƙarƙashin gadar da aka buɗe a kan mashigin a 1973, a doshi ganuwar Rumeli Hisarı, wadda Sultan Muhammadu na Biyu ya gina a 1452, shekara ɗaya kafin ya ci birnin. A wannan yankin mashigin ya tsuke ƙwarai, dalilin da ya sa aka kafa ganuwar a nan ke nan, don tare jiragen da ke kawo wa Rumawan da ke riƙe da birnin gudummawa. A dawowa, ta gefen Asiya, an kunna fitilu, tsoffin gidajen katako da Turkawa ke kira yalı na jere a bakin ruwa, kiran salla na tasowa daga gaɓa biyu.

Zama a waje, a benen sama, ya fi, domin cikin jirgi gilashi kan ɗauki hasken fitila ya rufe gani. Iskar ruwa tana da sanyi ko da bazara, don haka a riƙe rigar sanyi. Mai son yin magariba kan lokaci kuwa ya yi alwala tun a tudu.