Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Dakarun Jiki da Gazawar Zuciya

Idan hunturu ya kankama a Suleja, har hazo ya lulluɓe Dutsen Zuma, mai tafiya Madalla ba ya hangen ƙololuwarsa, da wuya ka shiga gida ko makarantar allo ba ka tarar da yaro yana haɗiyar yawu da ƙyar ba, jiki zafi rau, uwa tana cewa sanyi ne, kaka kuwa tana cewa belu ne, a kira wanzami. Bayan 'yan kwanaki yaro ya miƙe ya koma wasa, kowa ya manta, alhali kuwa a jikin waɗansu yaran wani yaƙi ne ya tashi, wanda ba za a ga ɓarnarsa ba sai bayan shekara goma ko ashirin.

Bayanin al'amarin shi ne, Allah cikin hikimarsa ya sanya wa jini fararen ƙwayoyi masu tsaro, tamkar dakarun da suka riƙe ganuwar garin nan tun da Abu Ja ya kafa shi a 1828, kuma tun 1882 masani Metchnikoff ya ga yadda waɗansunsu ke haɗiye abokin gaba. To, akwai ƙwayar cuta mai suna sitiraftokokas, wadda takan kama maƙogwaron yara, galibi 'yan shekara 5 zuwa 15, rigar da take sanye da ita kuwa ta yi kama da naman zuciya. Dakarun sukan ƙera makami daidai siffar rigar nan, sa'an nan bayan mako biyu ko uku, sa'ad da maƙogwaro ya riga ya warke, sai su ɗimauce su auka wa gaɓoɓi da zuciya, suna zaton magabci ne.

Zuciya tana da ƙyaure huɗu masu hana jini komawa baya, kuma duk lokacin da aka maimaita farmakin, sai ƙyauren ya yi tabo, ya ƙandare kamar fatar da ta sha rana, har ya ƙi buɗuwa sosai ko ya ƙi rufuwa. Daga nan jini ya taru a huhu, budurwa ta kasa ɗauko tulu ba tare da haki ba, ta koma kwana a jingine, ƙafa ta kumbura, in ka danna ƙauri da yatsa ramin ya daɗe bai cike ba. Wajibi ne a rarrabe a nan: kumburin ƙafa ruwa ne, sakamakon gazawa, kumburin da ya haifar da gazawar kuwa ɓoyayyen zafi ne a cikin naman zuciya, wanda likita Aschoff ya bayyana ƙulluttukansa a Jamus a 1904.

Wannan ɗabi'a ta dakarun jiki ba ta tsaya ga yara ba. Hawan jini, wanda shi ne babban sababin gazawar zuciya a Nijeriya, yakan gajiyar da tsokar zuciya har dakarun su taru domin gyara, amma in suka ƙi watsewa sai su cika wurin da tabo marar motsi. A 1990 likitocin Amurka suka sami sinadarin kumburi mai suna TNF ya yi yawa a jinin masu gazawar zuciya, sai dai maganin da aka yi domin toshe shi bai amfane su ba. A 2017 kuwa gwajin wani maganin rage kumburi a kan mutum fiye da 10,000 ya rage bugun zuciya da makamantansa da kashi 15 cikin ɗari. Darasin shi ne, ladabtar da dakaru ake bukata, domin garin da ya kori masu tsaronsa ya buɗe ƙofa ga kowa.

Mu dai a nan, mafi girman rabonmu yana hannun iyaye. Cutar ƙyauren zuciya tana kashe kimanin mutum 300,000 a duniya kowace shekara, har Majalisar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙuduri a kanta a 2018, alhali rigakafinta na farko, in maƙogwaro ya kamu, finisilin ne mai araha: allura ɗaya ko ƙwayoyin kwana goma, wanda cutar ta riga ta taɓa kuwa allura duk mako uku ko huɗu tsawon shekaru. Lafiyar yaro amana ce. Saboda haka in ya kasa haɗiya, ga zazzaɓi, a bar aska cikin zabira, a goya shi zuwa asibiti a duba maƙogwaron, tun dakarunsa ba su juyo da mashinsu cikin gari ba.